Kaset ɗin da na tsinta a kayan Yaya: wai wannan Mark Knopfler ɗin ne na Dire Straits?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta hirarku, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba sai yau. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, tsufa ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Yayana ya rasu bayan babbar Sallah. Da aka yi arba'in, mai ɗakinsa ta aiko in zo in ɗauki wani kwali da ke ƙarƙashin gadonsa, wai ita ba ta san yadda za ta yi da shi ba, yaran kuma bai ishe su kallo ba. Kaset-kaset ne, sun haura saba'in. Akwai na wa'azi, akwai Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, sauran kuma na Turawa. Shi Yaya ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri tun Kaduna tana Kaduna, kuma abin da ya fara saya da kuɗinsa, kafin ma keke, wata ƙatuwar rikoda ce mai baki biyu. A ɗakinsa na fara jin Dire Straits, ƙungiyar makaɗan Turawa da Mark Knopfler ke yi wa waƙa da jita, wajen 1987, ina aji uku a sakandare. Ko kalma ɗaya ba na tsinta daga bakin mawaƙin, don yana waƙa ne kamar mai magana da goro a kunci. Amma jitar! In an zo ƙarshen "Sultans of Swing", wurin da sautin ke zubowa kamar an watsa tsakuwa a kan kwanon ɗaki, sai Yaya ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Sai a mayar baya a sake. Don kada batir ya ƙare, da biro ake juya kaset ɗin, kuma ni ne ɗan aikin juyawa. Har yau in na ga biro mai kusurwa shida abin da ke faɗo mini ke nan.

To a cikin kwalin na ga tsoffin da na sani, har da mai hoton jitar ƙarfe a sararin sama. Sai kuma wani kaset na TDK mai minti 90 da ban taɓa gani ba, da rubutun hannunsa: M. Knopfler, Golden Heart, 1998. Lokacin na riga na bar gida, aiki ya kai ni Gusau, shi ya sa ban san da shi ba. Na kai wata tsohuwar rikoda wurin mai gyara a Kasuwar Barci ya canza mata bel, na bari sai da yara suka kwanta, na haɗa shayi, na danna.

Gaskiya ɗaya ce, raina bai so abin da na ji ba. Da sarewa aka fara, da wani abu mai tsirkiya kamar kora, na ce ko Yaya ya yi kuskuren rubuta suna ne. Can sai jita ta shigo, na ce yauwa, ga mutumina. Waƙa ta biyu ma ta ɗan yi zafi. Daga nan kuwa sai abu ya riƙa lafawa, ga goge, ga wannan abin da ake ja ana matsawa kamar zuga-zugin maƙeri, ganga kuma kamar ana tsoron kada a tashi jariri. Ina ta jiran wurin da yatsu za su ruga a guje, shiru kake ji. Fuskar farko ma a tsakiyar waƙa ta goma ta yanke, wata mai Faransanci a ciki.

Abin da ya hana ni mayar da shi kwali shi ne takardar cikin. Yaya ya jera sunayen waƙoƙin goma sha huɗu, sannan ya sa tauraro da jan biro a kan guda uku: ta 7, "A Night in Summer Long Ago", ta 11, "Rüdiger", da ta 13, "Done with Bonaparte". Kuma wallahi su ne waɗanda jitar ta fi ɓuya a cikinsu. Mutumin da ke sa ni juya kaset sau biyar saboda gudun yatsu! A gefen ta 13 ya rubuta wata kalma da alamar tambaya, "Ostalis?", ban san me take nufi ba. Sauran wurin da ya rage a fuska ta biyu, kusan rabinta, da waƙoƙin Ɗan Maraya Jos ya cika shi.

Shi ne nake tambayar waɗanda suka san harkar. Na ji an ce Dire Straits ta watse, Knopfler ya fita shi kaɗai ya yi wannan albam. Me ya raba ƙungiyar nan, rigimar kuɗi ce irin ta mawaƙa ko me? Mutumin da duniya ta sani da jita, me ya kai shi ga sarewa da goge? Waƙoƙi ukun nan kuma, a kan me suke magana? Turancina na ofis ne, ba ya kama waƙa. Ina so in san ko kunnena ne ya tsaya a 1987, ko kuwa albam ɗin ne bai yi gishiri ba.

Kawu Mai Faifai:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yayanka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ƙanena, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don na yi shekaru a ɗakin ajiyar faifai na wani gidan rediyo kafin in yi ritaya.

Babu wata rigimar kuɗi da ta fito fili. Girma ne ya yi wa abin yawa har ya gundure shi. A 1977 su huɗu ne a wani ɗan gida a Deptford, kudancin Landan: Mark, da ƙaninsa David, da John Illsley mai jitar bes, da Pick Withers mai ganga. Sunan ƙungiyar ma ma'anarsa matsi, wato halin babu. Shekara takwas bayan haka suka fitar da Brothers in Arms, aka sayi fiye da kwafi miliyan 30, kuma shi ne albam na farko da ya sayar da miliyan guda a faifan CD. Rangadin da ya biyo baya wasa fiye da 240 ne, a Sydney kaɗai dare 21 suka yi a zaure ɗaya. A 1988 aka ce an watse, aka dawo, aka yi On Every Street a 1991, aka sake fita rangadi tun daga Agustan 1991 har Oktoban 1992, inda aka rufe a Zaragoza ta ƙasar Sifen. Wata goma sha huɗu mutum yana kwana a otal, yana kaɗa waƙoƙi iri ɗaya ga taron da ba ya iya ganin fuskar kowa. Shi kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa abin ya yi girman da ba ya jin daɗinsa. Bayan Zaragoza ba su ƙara fita rangadi ba, a 1995 aka naɗe tabarma ba tare da hayaniya ba. Golden Heart ya fito a Maris 1996, yana da shekara 46.

Sarewa da goge kuwa ba a 1996 ya tsince su ba. A Glasgow aka haife shi a 1949, ya tashi a yankin Newcastle, wuraren da kiɗan gargajiyarsu ke da ƙarfi. Tun 1983 da ya yi kiɗan fim ɗin Local Hero, da na Cal a 1984, yake hulɗa da wannan salon. A 1990 kuma ya yi albam guda da Chet Atkins, dattijon jita na birnin Nashville a Amurka. Sai dai sunan Dire Straits ya zama masa kamar babbar riga ta sarauta, ba ka shiga gona da ita. Da ya cire ta sai ya tafi Dublin ya ɗauko irin su Dónal Lunny da Paul Brady da Liam O'Flynn, ya tafi Nashville ya ɗauko Richard Bennett da Glenn Worf da Chad Cromwell, ya haɗa da mutanen jihar Louisiana ta Amurka. Wannan kukan da kake ji kamar algaita mai sanyi, wata algaita ce ta mutanen Ailan mai jakar iska, ba da baki ake busa ta ba, da gwiwar hannu ake matsa mata iska. O'Flynn gwaninta ne.

Yanzu taurarin Yayanka. Ta 7 waƙar soyayya ce da aka yi wa shigar da, wani jarumi na zamanin dawaki da takubba yana tuna daren da ya nemi wata mace ta yi rawa da shi, yana mamakin yadda aka yi ta zaɓe shi. Ta 11 labarin wani Bajamushe ne kaɗaitacce, wanda ba shi da aiki sai tsayuwa cikin ruwa da sanyi yana jiran shahararrun mutane su sa masa hannu a takarda. Ka lura, tauraro ne ya zauna ya yi wa mai jiransa a bakin ƙofa waƙa, kuma bai yi masa ba'a ba.

Ta 13 ita ce uwa. Wani ƙaramin soja ne na rundunar Napoleon Bonaparte yake magana da bakinsa. A 1812 Napoleon ya shiga Rasha da mutum sama da dubu 400, ya isa Mosko ya tarar an bar masa gari ana cinna masa wuta, dole ya juyo cikin hunturu. Yunwa da sanyi suka cinye rundunar, kaɗan ne suka ga gida. Sojan nan yana ba da labarin yadda suke ja da baya cikin tsumma, suna satar lomar juna, yana tuna yadda aka yaudare su da mafarkin mallakar duniya, yana roƙon kada ɗansa ya taɓa haɗuwa da irin wannan shugaba. Kalmar da Yayanka ya rubuta kuwa Austerlitz ce, wurin da Napoleon ya ci babban yaƙi a Disamban 1805. Sojan ya ce can ya bar idonsa guda. Yayanka da kunne ya kamo ta, kuma bai yi nisa da daidai ba. Kiɗan waƙar kamar na rawar biki, maganar cikinta kuwa ta makoki.

Kada ka manta mutumin nan ya yi aikin jarida a Leeds, ya yi digiri a Turanci, ya koyar a kwaleji kafin waƙa ta karɓe shi. Idon ɗan rahoto gare shi. Shi ya sa ni ban yi mamakin ganin Ɗan Maraya a bayan kaset ɗin ba. Wanda ya ɗauki kuntigi shi kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, da wanda ya yi wa sojan ƙasa da mai jiran sa hannu waƙa, ai unguwarsu ɗaya.

Abu Huzaifa:

Allah ya gafarta masa. Baba, ba raini ba, amma da an bar maganar kiɗan nan an yawaita masa addu'a da sadaka, su ne za su same shi inda yake.

Ɗan Agadas:

Baba Baban Ummi, Allah ya jiƙan Yaya da rahama. Ni jita nake kaɗawa a gidajen biki nan Agadas, wani lokaci har Arlit da Yamai, to bari in faɗi abin da hannu ya sani.

Mu nan sunan mutumin nan ba baƙo ba ne. Manyanmu da suka yi zaman Aljeriya da Libiya sun dawo da kaset ɗin Dire Straits a aljihu, kuma Bombino, makaɗin jitar nan namu da kuke ji, shi ma yana yaro a gudun hijira bidiyon Jimi Hendrix da na Knopfler ya riƙa kallo yana kwaikwayo. Abin dariya, da duniya ta san shi, a Nashville ɗin nan da Kawu ya ambata aka ɗauki albam ɗinsa Nomad na 2013. Dalilin da ya sa kunnen Abzinawa ya kama Knopfler da wuri, ina jin, shi ne ba ya amfani da ɗan robar nan da ake kaɗa jita da shi. Da babban yatsa da manuni da na tsakiya yake tsinkar tsirkiya, kamar yadda mai molo ko mai gurmi ke yi. Naman yatsa in ya taɓa waya, sautin daban yake fita, yana da taushi a gaba, yana da cizo a baya. Kuma bahago ne, amma yana riƙe jita irin riƙon na-dama, wato hannunsa mai ƙarfi shi ke kan wuyan jitar. Shi ya sa in ya ja waya ɗaya ya girgiza ta, sai ka ji kamar mutum na shessheka.

Baba, ka ce kana jiran gudun yatsu ba ka ji ba. Gudu shi ne abu mafi sauƙin koya, wallahi. Akwai yaro a unguwarmu ɗan shekara goma sha shida da ke fitar da ƙarshen "Sultans" tas, daga waya ya koya. Amma ka ce ya kaɗa waƙa ta uku a kaset ɗinka, ita "Golden Heart" ɗin, sai ya kasa, don a can jitar 'yar amshi ce. Murya ta faɗi layi, ta yi shiru, jita ta amsa da sauti uku ko huɗu, ita ma ta yi shiru. Kamar mawaƙin fada da 'yan amshinsa, sai dai shi mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Ka sake saurare, ka bar neman inda za ta yi dogon jawabi, ka bi ta a tsakanin layuka. Akwai wuraren da yake danne ƙarar da ƙafa, ya tsinki waya ba a ji, sannan ya sako sautin a hankali, sai ya shigo kamar goge ba kamar jita ba. Na yi wata biyu ina neman wannan da 'yar lasifikata mai batir, ban samu rabinsa ba.

Waƙar da ta yanke maka, "Je Suis Désolé" ce, wato ka yi haƙuri, ban ji daɗi ba. Mai tafiya ne a jirgin ruwa yake sallama da na gida. Faransancin nasa dai, mu da muka yi lakwal sai mun danne dariya, amma da gangan aka yi shi salon mutanen Louisiana, jikokin Faransawan da Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada tun 1755. Su ne masu goge da wannan zuga-zugin da ka faɗa, akodiyon sunansa. Ka nemi ƙarshenta, akwai daɗi.

Sarkin Gardama:

Allah ya jiƙan mamaci. Amma Kawu, da girmanka, ka yi wa albam ɗin nan kwalliyar da ta fi shi. Baban Ummi, kunnenka lafiya lau yake.

Da fari dai wannan maganar ta "ya fita shi kaɗai" canza wa tuwo suna ne. Wa ke rubuta waƙoƙin Dire Straits? Shi. Wa ke rerawa? Shi. Wa ke jan jita? Shi. Ƙaninsa David ya fice tun 1980 ana tsakiyar aikin albam ɗinsu Making Movies, Withers ya bi shi a 1982. Daga farko har ƙarshe mutum biyu ne kawai ba su motsa ba, shi da Illsley. Har gangar da ke yawancin Brothers in Arms ba mai gangar ƙungiyar ba ne ya buga, Omar Hakim aka ɗauko. Guy Fletcher mai piyano kuma da shi aka ƙaura zuwa sabon gidan, har yau suna tare. To wace ƙungiya ce ta watse? Kamar a ce Shata ya sallami makaɗansa ya ɗauki wasu, sai a ce ya zama sabon mawaƙi?

Sannan shi Golden Heart bai san inda ya dosa ba. Ƙafa ɗaya a Dublin, ɗaya a Nashville, hannu kuma bai saki tsohon gida ba. "Imelda", wadda ya yi wa matar tsohon shugaban Filifin mai tarin takalma, ƙanwar "Money for Nothing" ta Dire Straits ce da ba ta kai yayarta kyau ba. "Cannibals" kuwa tsohuwar waƙarsu "Walk of Life" ce aka canza wa hula. Ga tsawo, minti 70. Making Movies waƙa bakwai ne, bai cika minti 40 ba, kuma babu ta yarwa. Love over Gold biyar ne kacal. Zamanin CD ne ya lalata mawaƙa, da suka ga wuri sai kowa ya juye duk abin da ke buhunsa. A cire huɗu daga Golden Heart, ni ma zan sa masa tauraro.

In kana son ka ji inda ya samu ƙafarsa, nemi Sailing to Philadelphia na 2000, wanda James Taylor da Van Morrison suka sa murya. A nan ne dattakun ya zauna masa.

Batun Ɗan Maraya kuma, Kawu, wuri ne ya rage a kaset, mutum ba ya son asarar minti ashirin. Duk mun yi haka. Ni na taɓa cika bayan Bob Marley da karatun labaran ƙarfe bakwai.

Maman Hanif:

Kawu Baban Ummi, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya kai haske kabarinsa. Ni ba masaniyar kiɗa ba ce, aikin jinya nake yi a Newcastle shekara huɗu ke nan, amma na ga sunan da na sani shi ne na tsaya.

A garin nan ko ba ka san shi ba ka san kiɗansa. Duk ranar da Newcastle United ke wasa a gida, "Going Home" na fim ɗin Local Hero ake sakawa a St James' Park lokacin da 'yan wasa ke fitowa. Filin a tsakiyar gari yake, mutum dubu hamsin da ɗoriya, in iska ta juyo har a tashar bas kana jin ihun. Maigidana ya kai Hanif sau ɗaya, yaron ya dawo yana ta busa shi da baki har na gaji. Ni da na zaci taken ƙungiyar ne kawai, sai wani tsoho da nake jinya, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, ya ce in sa masa shi a wayata wani dare da barci ya ƙi zuwa. Ya rufe ido yana bin sa da yatsa a kan bargo. Shi ya ba ni tarihin mai kiɗan, yana kiransa yaron unguwa, alhali mutumin ya haura saba'in.

Abin da na lura, su nan ba sa raba zamanin ƙungiya da na bayanta kamar yadda kuke yi. Nasu ne kawai. Albam ɗinsa na 2024, One Deep River, hoton gadar Tyne ne a bangonsa, gadar da nake hayewa kullum da asuba ina gyangyaɗi a bas. A farkon shekarar ne kuma ya yi gwanjon jitocinsa sama da 120 a Landan, aka tara fiye da fam miliyan 8, ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu sadaka. Ko a 2018 da aka karrama Dire Straits a Amurka, a zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok, bai je ba, Illsley da mutum biyu ne suka karɓa. Wata abokiyar aikina 'yar garin ta ce ai halin mutanen nan ne, ba sa son a cika yi musu tafi.

Baban Ummi:

Kai jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Ban zaci zan samu amsa haka ba.

Abu Huzaifa, ɗana, gaskiya ka faɗa kuma ban ji haushi ba. Ana yi masa, kullum, Allah ya karɓa. Wannan kwalin dai shi ne wurin da na ga rubutun hannunsa na ƙarshe, shi ya sa na kasa wucewa.

Kawu Mai Faifai, ka sa na yi abin da ban shirya ba. Daren jiya na mayar da ta 13 sau uku, da biro kuwa, don bel ɗin da aka sa ba ya ja baya da kyau. Da na ji Ostalis ɗin ta wuce sai da na ajiye kofi. Muna da wani baffa, wan mahaifinmu, da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma yana saurayi. Ya dawo da ɗingishi da wata lamba a cikin gwangwanin sigari, ya zauna a zaure wajen shekara hamsin bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Mu yara tsoronsa muke ji. Yaya ne kaɗai ke zama wurinsa, shi ke yanke masa farce, shi ke raka shi karɓar 'yan kuɗin fansho. Baffa ya rasu shekara biyu ko uku kafin ranar da ke jikin kaset ɗin nan. Ko shi Yaya ya tuna da ya sa jan biro, ko kiɗan ne kawai ya yi masa daɗi, Allah masani. Mutum ne mai ajiye ƙamus kusa da rikoda, wannan dai na sani.

Sarkin Gardama, ban ƙi taka ba. "Imelda" ita ta fi burge ni a daren farko, jiya kuwa na ji ta kamar tsohon da ya sa wandon samari. Akwai biyu a tsakiya da har yanzu ba su ce mini komai ba. Amma kan Ɗan Maraya ban bi ka ba. Na duba sauran kaset ɗin Turawan da ke kwalin ɗaya bayan ɗaya, guda tara ne ke da sauran wuri a baya, kuma duk Yaya ya bar su fayau. Wannan kaɗai ya cika.

Ɗan Agadas, na bi shawararka na daina jiran gudu, na kama bin jitar a tsakanin layuka. Na ji amshin da kake faɗa, musamman a waƙar ƙarshe. Ba zan ce ta kai mini "Sultans" ba, kada in yi ƙarya. Ummi ta nemo mini mai Faransancin a wayarta, na ji ƙarshenta karo na farko, kuma akwai daɗi kamar yadda ka ce. Sai dai da aka zo daidai wurin da kaset ke yankewa, jikina ya tsaya yana jiran ƙas ɗin nan na maɓalli, da bai zo ba sai na ji kamar na taka matakalar da babu.

Maman Hanif, ki shafa mini kan Hanif. In kin hau gadar gobe ki daure ki buɗe ido.

Tambaya ta ƙarshe ga masu ilimin na'ura: ta yaya zan juye kaset ɗin nan zuwa waya yadda yake, da shuuu ɗinsa da yankewar da Ɗan Marayan duka? Zaren ya fara yin laushi wajen waƙa ta 11, ina tsoron rikodar ta tauna shi. Mai gyaran ya ce akwai wata igiya da ake haɗawa da kwamfuta, amma bai san sunanta ba.